NA'URAR ƘARA SAUTI MAI AJIN A: YADDA A KE TSARA TA DA GYARA TA

Dalilin Wannan Darasi

An shirya wannan takarda ne domin Hakimai da malamansu. A yau da wuya a sami gundumar da ba ta da lasifika. Da ita a ke sanar da ranar allurar rigakafi, da ita a ke kiran dagatai da masu unguwanni, da ita kuma a ke karanta saƙon Sarki ran taro. Tun shekarun 1950, sa'ad da motocin majigi su ke zagaya ƙauyukan Arewa, mutanenmu suka saba da ita. Amma lasifika ba ta magana ita kaɗai. A bayanta akwai wani akwati wanda ya ke karɓar muryar mai magana daga makirufo, ya ƙara mata ƙarfi, sa'an nan ya miƙa wa lasifika. Masu gyaran rediyo suna kiran akwatin nan amfilifaya, watau na'urar ƙara sauti.

Na taɓa zuwa wani taro a wata gunduma cikin watan Afrilu. An sayo sabuwar amfilifaya da kuɗin jama'a, a jikinta an rubuta wat 1000. Hakimi ya fara jawabi, bai kai rabi ba sai muryarsa ta ɗauke, aka ji ƙauri. Mutanen da suka taso daga nesa suka koma gida ba su ji abin da aka tara su dominsa ba. Da mai gyara ya buɗe akwatin, sai ga ƙarfen da ke shanye zafi bai fi tafin hannu ba. Da a ce akwai mutum ɗaya a ofishin nan wanda ya san lissafin da za mu koya a nan, da ba a sayi akwatin ba.

Saboda haka mun ɗauki irin amfilifayar da ta fi sauƙin fahimta, wadda a ke kira Ajin A, za mu bi ta tun daga lissafi har zuwa gwaji. Nufinmu shi ne Hakimi ya san abin da zai tambaya kafin a kashe kuɗi, malaminsa ya iya duba lissafin mai gyara, su kuma iya taimakon samarin gunduma masu koyon wannan sana'a.

Kalmomi Huɗu

Kafin mu shiga darasi, tilas ne mu san ma'aunai huɗu. Ku ɗauki wutar lantarki kamar ruwa cikin famfo. Matsin da ke tura ruwan shi a ke auna da bolt. Yawan ruwan da ke gudu shi a ke auna da amfiya. Ƙuncin famfon, wanda ke tare ruwan, shi a ke auna da om. Aikin da ruwan ya yi kuwa shi a ke auna da wat.

Ƙa'idoji biyu ne su ke haɗa su. Ta fari, in ka raba bolt da om, ka sami amfiya. Ta biyu, in ka ninka bolt da amfiya, ka sami wat. Duk lissafin da ke cikin takardar nan daga waɗannan biyun ya fito, malamin da ya iya lissafin haraji ba zai sha wahalarsa ba.

Kayan aikin kuwa manyansu uku ne. Rizista tana tare wuta gwargwadon om ɗinta. Kafasita tana ajiye wuta ta sake ta, tana barin sauti ya wuce, amma ba ta barin wuta mai tafiya gefe ɗaya irin ta batir ta wuce. Tiransista kuwa ita ce uwar aiki. Ƙafafunta uku, bes da kwalekta da emita. In an sa 'yar wuta kaɗan a bes, sai wuta mai yawa ta gudana tsakanin kwalekta da emita. Kamar mai ban ruwa ne a lambu, wanda ke buɗe bakin kwari da hannu ɗaya, ruwa mai yawa ya bi umurninsa.

Tarihi Kaɗan

A 1906 wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙago kwalbar lantarki wadda daga baya aka yi amfilifayoyin farko da ita. A 1927 wani injiniya mai suna Harold Black, na ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, ya gano dabarar mayar da kaɗan daga sautin da ya fita zuwa mashigarsa domin a gyara kuskure. Za mu komo kan wannan dabara. A 1947 wani Baturen Birtaniya, D. T. N. Williamson, ya buga tsarin amfilifaya ta kwalba mai Ajin A, mai ba da wat 15, cikin mujallar Wireless World, mutane da yawa suka haɗa ta a gidajensu. Cikin Disamba na wannan shekara aka ƙago tiransista a ɗakin binciken Bell. Masanan nan uku, Bardeen da Brattain da Shockley, sun sami lambar Nobel saboda ita a 1956.

Tiransista ta kori kwalba domin ƙarama ce, ba ta fashewa, kuma batir ya ishe ta. Amma masu kunne suka yi ta ƙorafi cewa amfilifayoyin tiransista na farko muryarsu tana da kaushi. Shi ne wani injiniya na Ingila, John Linsley Hood, ya zauna ya tsara wata 'yar amfilifaya mai tiransista huɗu kacal, mai ba da wat 10, ya buga ta cikin Wireless World a watan Afrilu 1969. Ya sake gyara ta a 1996, ya rasu a 2004, amma har yanzu masu sha'awa a ƙasashe da yawa suna haɗa ta da hannunsu. Ita ce za mu ɗauka misali.

Mene Ne Ajin A?

Sauti motsi ne na kai da komowa. Takardar lasifika ta kan turo iska waje, ta kuma ja ta ciki, daga sau 20 har zuwa sau 20,000 cikin sakan ɗaya, iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji ke nan. Dole amfilifaya ta yi turawa ta yi ja. Yadda ta raba wannan aiki tsakanin tiransistocinta shi ne ajinta.

A Ajin B, tiransista ɗaya ce ke turawa, ɗaya ke ja, kowace tana hutawa sa'ad da 'yar'uwarta ke aiki, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. Wannan yana tsimin wuta. Aibinsa shi ne tiransista ba ta farkawa sai matsin da ke bes ɗinta ya kai wajen bolt 0.6. Saboda haka duk sa'ad da ɗaya za ta miƙa wa ɗaya aiki, sai a sami ɗan giɓi, sautin ya gurɓata. An fi jin wannan in an rage murya.

A Ajin A kuwa ba mai hutawa. Tun kafin a yi magana an riga an sa wuta mai yawa tana gudu cikin tiransistocin, wannan ita a ke kira wutar zama. In sauti ya zo, sai wutar ta ƙaru kaɗan ko ta ragu kaɗan, amma ba ta taɓa ɗaukewa. Tun da babu miƙa aiki, babu giɓi, murya ta kan fita tas.

Amma abin yana da tsada. Ko ana magana ko ba a yi, Ajin A tana shan wutarta cif, abin da bai zama sauti ba kuwa duk zafi ya ke zama. In tiransista ɗaya ce ke aikin ba tare da taransifoma ba, abin da zai zama sauti ba zai wuce kashi 25 cikin 100 ba. In biyu ne su ke taimakon juna, iyakarsa kashi 50. Ajin B ta kan kai kashi 78 a lissafi. Ajin AB tsaka-tsaki ce, ana ba ta 'yar wutar zama domin ta toshe giɓin nan. Ajin D ta zamani, mai kunnawa da kashewa da sauri ƙwarai, ta kan wuce kashi 90.

Lissafi Kafin Sayen Kaya

Mai tsara amfilifaya daga lasifika ya ke farawa, ya komo baya. A ce muna da lasifika mai om 8, muna so ta sami wat 10.

Na ɗaya, matsin da a ke bukata. Bolt 9 a kan om 8 zai tura amfiya 1.125. In an ninka wannan da bolt 9, an sami wat 10 da ɗan kai. Ashe bolt 9 mu ke nema.

Na biyu, wannan bolt 9 matsakaici ne. Ƙololuwar igiyar sauti ta kan ninka shi sau 1.4, watau bolt 12.6. Tun da akwai turawa akwai ja, sai a ninka biyu, ya zama bolt 25.2. A ƙara wajen bolt 2 da tiransistocin ke riƙewa, an sami bolt 27. Wannan shi ne matsin da Linsley Hood ya zaɓa wa lasifika mai om 8.

Na uku, wutar da lasifika za ta ja a ƙololuwa. A raba 12.6 da 8, ya ba da kusan amfiya 1.6.

Na huɗu, wutar zama. Da tiransista ɗaya ce ke aikin, dole a zaunar da ita a kan amfiya 1.6 ɗin nan gaba ɗaya. Amma a tsarin da mu ka ɗauka biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an zaunar da su a kan amfiya 1.2. In ta sama ta hau zuwa amfiya 2.0, ta ƙasa ta sauka zuwa 0.4, bambancin da ke tsakani, watau 1.6, shi ke tafiya lasifika. Ku lura, ko a ƙololuwar murya ta ƙasa ba ta kai sifiri ba. Wannan shi ne shaidar cewa na'urar ba ta fita daga Ajin A ba.

Na biyar, zafi. Bolt 27 sau amfiya 1.2 ya ba da wat 32.4. Wannan na'urar ke sha kullum muddin tana kunne. In an cika murya, wat 10 ya tafi lasifika, watau kashi 31 cikin 100. In an yi shiru, duka 32 ɗin zafi ne, kowace tiransista tana ɗauke da wat 16.

Yadda Tsarin Ya Ke

Tiransista ta fari ƙarama ce, mai lamba 2N3906. Ita ke karɓar sauti, ita ce kuma ke kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ta biyu matsakaiciya ce, aikinta rabo. Kwalektarta na ciyar da bes ɗin babbar tiransista ta sama, emitarta na ciyar da bes ɗin ta ƙasa. In ta ƙara wa ɗaya, ta rage wa ɗaya. Manyan biyun, a tsarin asali masu lamba MJ480 ne na kamfanin Motorola, amma masu haɗawa da yawa sun koma ga 2N3055 domin ta fi samuwa.

A tsakiyar manyan biyun nan a ke ɗaukar sauti. In ba a magana, matsin wurin rabin 27 ne, watau bolt 13.5. In wannan ya shiga lasifika kai tsaye, zai ƙone ta. Don haka a ke sa babbar kafasita mai maikirofarad 2,500 a tsakani, ta tare wutar zama ta bar sauti ya wuce. In an sa ƙarama, kaurin murya irin na ganga zai ɓace. Mai 2,500 a kan om 8 ba ta fara rage sauti sosai sai ya sauka wajen sau 8 a sakan, ƙasa da jin kunne. Mai 1,000 kuwa tun daga sau 20 ta ke ragewa.

Sai dabarar Harold Black. Kowane malami ya san cewa in ya kwafe wasiƙa, ya kan karanta wa Hakimi kafin a sa hannu, in kwafin ya saɓa da asali a gyara. Haka a ke yi a nan. Ana ɗibar sauti daga tsakiya, a bi da shi ta rizista mai om 2,700 zuwa emitar tiransista ta fari, daga nan kuma wata mai om 220 ta sauka ƙasa ta cikin kafasita. Tiransista ta fari sai ta ga bambancin asali da kwafi, ta gyara nan take. Waɗannan rizistoci biyu su ne kuma ke yanke yawan ƙarin da za a yi: a raba 2,700 da 220, a ƙara ɗaya, ya zama kamar ninki 13. Ashe domin a sami bolt 9 a waje, ana bukatar kusan bolt 0.7 a mashiga. Makirufo ba ya ba da haka, sai an sa masa ƙaramar amfilifaya a gaba.

Maganar Zafi A Ƙasarmu

A nan ne mai haɗa na'ura a Kano ko Sakkwato zai rabu da littafin Ingila. Manyan tiransistocin a kan ɗaure su a jikin ƙarfen alminiyom mai haƙarƙari, shi ke shanye zafinsu ya ba iska. Ana auna nagartar ƙarfen da digiri nawa ya ke hawa a kan kowane wat. In lambar ta yi ƙasa, ƙarfen ya fi girma ke nan.

A ce ba mu so ƙarfen ya wuce digiri 65 na ma'aunin Santigired. A ɗakin da iskarsa ke digiri 20, kamar na Ingila, akwai ratar digiri 45. A raba da wat 32, ya ba da 1.4. A wurinmu da bazara iska ta kan kai digiri 40, ratar ta koma 25. A raba da 32, ya ba da 0.8. Watau ƙarfen da mu ke bukata ya kusa ninka nasu biyu. Wanda ya kwafi girman da ke cikin littafi bai yi wannan lissafi ba, na'urarsa za ta yi aiki da hunturu ta gaza da bazara.

A tsayar da haƙarƙarin ƙarfen a tsaye domin iska mai zafi ta hau ta fice, kada a rufe shi cikin akwatin katako marar huji. A riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga jikinsa. Har wa yau, jikin 2N3055 shi ne kwalektarta, saboda haka ba a ɗora ta bisa ƙarfen haka kawai. Sai an shimfiɗa 'yar takardar maika a tsakani, an shafa farin man nan mai kai zafi kaɗan a gefe biyu, an kuma sa wa kusoshin zoben roba. Gwajin da kowa zai iya shi ne wannan: bayan awa ɗaya na aiki, in ba ka iya ɗora hannu bisa ƙarfen ka ƙirga biyar, ya yi ƙanƙanta.

Tushen Wuta

Wutar gari a Nijeriya bolt 230 ce, tana kai da komowa sau 50 a sakan. Ana bukatar taransifoma da za ta sauke ta zuwa wajen bolt 20, da dayod huɗu da za su mai da ita mai tafiya gefe ɗaya, da babbar kafasita da za ta daidaita ta. Tun da Ajin A tana jan wuta mai yawa kullum, ta fi kowace iri saurin kama ƙugi. Da kafasita mai maikirofarad 4,700, matsin zai riƙa rawa da wajen bolt 2.5 sau 100 a sakan. Da mai 10,000 rawar ta ragu zuwa bolt 1.2. Masu son ƙugin ya mutu sarai su kan ƙara wata tiransista mai tace wutar, ita ma da nata ƙarfen shan zafi.

In babu wutar gari, batir biyu na mota da aka jera sun ba da bolt 24, na'urar za ta ba da wajen wat 7 da rabi. Batir mai lamba 60 zai ba da amfiya 1.2 har awa 50 a lissafi, amma tun da ba a son a zuƙe batirin mota fiye da rabi, a ɗauka awa 25 ne. Batir ba ya ƙugi, amma lalle a sa fis kusa da kansa, gama in wayoyi suka haɗu zai iya ta da gobara.

Gwaji Na Farko

Sai an gwada a kan san na ƙwarai, amma gwajin ma yana da tsari.

1. Kafin a ba da wuta, a auna da mita tsakanin jikin kowace babbar tiransista da ƙarfen shan zafi. In mita ta nuna sun haɗu, a kwance a sake ɗaurawa.

2. A duba fuskar kowace babbar kafasita. Wadda aka juya ta kan kumbura ta fashe.

3. Kada a sa lasifika tukuna. A sa rizista mai om 8 wadda za ta jure wat 20 a madadinta.

4. A jera ƙwan fitila mai zare, na wat 100, a kan wayar da ke kawo wutar gari. In ƙwan ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske sosai, akwai kuskure, a kashe. In an ga lafiya sai a cire ƙwan kafin a ci gaba da awo.

5. A auna matsin tsakiya, a juya rizistar da ke daidaita bes ɗin tiransista ta fari har ya zauna a rabin matsin tushe.

6. A auna wutar zama. Hanya mai sauƙi ita ce a jera rizista mai om 0.1 a kan jar waya. In mita ta nuna bolt 0.12 a kanta, wutar amfiya 1.2 ce.

7. A bar na'urar ta yi rabin awa, a sake awo na biyar da na shida. Sa'an nan a sa lasifika, a fara da wadda ba a jin asararta.

Wutar gari tana kisa. A rufe duk inda ta bi, a haɗa akwatin ƙarfe da wayar ƙasa, a sa fis. Manyan kafasitoci kuma su kan riƙe wuta bayan an kashe, a sauke su da rizista kafin a sa hannu. Kada a bar ɗan koyo ya taɓa wannan sashe sai maigidansa na tsaye.

Gyare-gyare

Ba na'urar da ke fita daidai ran farko. Ga matsalolin da aka fi gamuwa da su.

Wutar zama tana hawa. Tiransista in ta yi zafi ta kan ƙara jan wuta, jan wutar kuma ya ƙara zafi. A tsarin 1969 rizistoci biyu da ke saman tiransista ta biyu su ke yanke wutar zama, kuma ƙimarsu ta dogara ga ƙarfin manyan tiransistocin da aka samu. Saboda haka a mai da ɗayarsu mai juyawa, a fara da inda ta fi tare wuta, a riƙa ragewa a hankali. A tsarin 1996 Linsley Hood ya ƙara tiransista mai tsaron wutar zama, ya kuma raba tushen wuta gida biyu domin a rabu da babbar kafasitar lasifika. Wannan gyara ya fi amfani a ƙasa mai zafi.

Murya ba ta fita tas. Sau da yawa manyan biyun ne ba su yi daidai da juna ba. A sayi huɗu ko shida, a auna ƙarfinsu, a zaɓi biyu da suka fi kusa. A kuma yi hattara da jabu, gama 2N3055 tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Ta gaskiya an yi ta ta jure wat 115 in jikinta na digiri 25, ta jabu kuwa ta kan mutu a kan wat 16 ɗin nan.

Ƙugi. In ƙara kafasita bai yi magani ba, a duba baƙaƙen wayoyi. A tara su duka su haɗu a wuri ɗaya tak, kusa da babbar kafasita. A nisanta taransifoma daga mashigar sauti, a kuma yi amfani da waya mai rigar ƙarfe a mashigar.

Zafi ba dalili, ko shuu a lasifika. Wata sa'a na'urar ta kan kama rawa mai sauri wadda kunne ba ya ji. A gajarta wayoyin da ke zuwa manyan tiransistocin, a raba wayar shiga da ta fita. A kan kuma jera rizista mai om 10 da kafasita mai maikirofarad 0.1 a mafitar sauti domin su kwantar da ita.

Dum sa'ad da aka kunna. Kafasitar lasifika ce ke cika. A sa makunni dabam wa lasifika, a haɗa ta bayan sakan biyar.

A riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a auna, a rubuta cikin littafi da kwanan wata. Wanda ya canza uku gaba ɗaya ba zai san wanne ya yi maganin ba.

Abin Da Ya Shafi Hakimai

Ranku ya daɗe, ga abin da za a ɗauka daga darasin nan. Ajin A ta dace da ɗaki, da ajin makaranta, da mai son jin murya tsantsa, ta kuma fi kowace dacewa da koyo, domin kayanta kaɗan ne, ana iya auna kowane abu a gane dalilinsa. Amma ba ta dace da taron fili ba, balle inda batir ko hasken rana a ke dogara gare shi. A can a nemi Ajin AB ko Ajin D.

In za a sayi amfilifaya da kuɗin jama'a, malami ya yi tambaya uku. Wat nawa ta ke bayarwa a ɗore, kuma a kan lasifika mai om nawa? Ina girman ƙarfen shan zafinta? Fis ɗinta amfiya nawa ne? In fis amfiya 1 ne a kan bolt 230, akwatin ba zai sha fiye da wat 230 ba, ashe ba shi da hanyar ba da wat 1000, kome aka rubuta a jikinsa. A kuma kunna ta awa guda a gaban mai sayarwa kafin a biya.

Kada yawan wat ya ruɗe ku. Sai an ninka wat sau goma kunne ke jin murya ta ninka biyu. Lasifika mai baki kamar kakaki, da wat 10 kawai, sau da yawa ta fi ta akwati mai wat 100 kai murya nesa.

Daga ƙarshe, in akwai saurayi a gunduma mai hannu a wannan aiki, a ba shi wannan takarda, a taimake shi da mita da kayan gwaji. Gundumar da ke da mai gyara nata ba ta jiran a kai akwati birni ana gobe taro.

Tambayoyi Domin Malamai

1. Amfilifaya tana aiki da bolt 36, wutar zamanta amfiya 0.9. Wat nawa ta ke mayarwa zafi in an yi shiru?

2. In iskar ɗaki digiri 42 ce, ba a so ƙarfe ya wuce 65, zafin kuwa wat 32 ne, ƙarfe mai wace lamba za a nema?

3. Me ya sa a ke sake auna wutar zama bayan rabin awa?

4. An kawo maka akwati an rubuta wat 2000, fis ɗinsa amfiya 2 ne a kan bolt 230. Me za ka gaya wa Hakimi?